Rabin Jawabin Malam Zanobi

A garinmu Borgorena, in kana son mutum ya zage ka da sassafe, bari ya fara magana, ka katse shi ka ce, "Wane iri?" Kowa ya san da wa ake. Mutumin da ya bar mana wannan tsokana yana nan da ransa, a gidan nan mai yoyo da ke bayan majema, kuma sunan da uwarsa ta san shi da shi Zanobi. Shi ya fi son a ce Zenobius, wai haka Rumawan da can za su kira shi da a zamaninsu ya zo duniya. Ba wanda ya taɓa yi masa wannan alfarma. A gabansa Malam Zanobi, a bayansa Malam Wane-Iri.

Ɗan majemi ne. Ya tashi cikin warin fata, irin warin da ko ka yi wanka ranar Lahadi sai mutanen coci sun matsa sun ba ka fili. Fadan cocinmu, limaminmu na lokacin, ya lura yaron yana haddace addu'o'in Latinanci tun bai san ma'anarsu ba, har yana gyara wa manya, ya ce wannan kai ba na jimar fata ba ne. Aka ɗaure masa burodi da cuku a tsumma, aka ɗora shi a kan amalanken wani mai kai ulu, sai Firenze. A can ya shiga shagon wani mai sayar da littattafai, aikinsa kwafa da hannu, daga fitowar rana har ido ya gaza.

Lokacin nan ne masu hannu da shuni na Firenze suka haukace a kan tsofaffin littattafai. Mutum yana da rumbunan alkama, yana da jiragen ruwa, amma barci ba ya yi masa daɗi sai an ce masa an tono wani rubutun Rumawa ko na Girkawa a ɗakin ajiyar wani gidan sufaye can kan dutse, ɓera ya ci rabi, danshi ya lasa sauran. A kawo, a kwafa, a yi ta musu a kan abin da ɓeran ya cinye. Sauran masu kwafa hannunsu kawai ke aiki, ransu yana wurin abincin rana. Zanobi shi karantawa yake yi, ciwon son littattafan kuwa ya kama shi kamun da bai sake shi ba har yau. Ya yarda har cikin ƙashinsa cewa ba a haihuwar mutum cikakke. Ɗanyar fata ake haifa, in ji shi, sai an jeme ta da waƙoƙin mutanen da, da tarihinsu, da iya maganarsu, sannan ta zama abin amfani. Da aka kai wa ubansa wannan magana, tsohon ya ce to da ya zauna a gida ai da ya koyi jimar gaske.

Sai Jamusawa suka zo da injinsu na buga littafi. Abin da Zanobi zai yi rani da damina yana rubutawa, su fitar da tulinsa cikin 'yan kwanaki. Masu kwafa suka watse. Ya dawo mana da akwatin littattafai ɗaya, da baƙar riga mai sheƙi a gwiwar hannu, da tari. Majalisar gari ta ɗauke shi malamin makaranta, ta ba shi ɗakin da ke saman kasuwar hatsi. Kowace shekara bayan an gama matse inabi, majalisa takan zauna ta sabunta shi yadda ake yanke komai a wurinmu: a zagaya da akwati, kowa ya cusa hannu a dunƙule ya saki ƙwayar wake, baƙi na nufin i, fari na nufin a'a. Fiye da shekara ashirin baƙin wake yana fito masa, ba don ana ƙaunarsa sosai ba, sai don gari mai malamin Latinanci ya fi gari maras shi kwarjini.

Mu da muka zauna a gabansa, ko da na ɗan lokaci ne kafin ƙafa ta ja mu waje, abu biyu ya dasa mana da sanda. Na farko shi ya jawo masa laƙabi. Ya ce duk musun duniya iri huɗu ne, kuma rabin faɗan da ake yi a kasuwa na mutanen da ba su san wane iri suke yi ba ne. Yakan kawo misalin akuya. An ce akuyar wane ta ci kabejin wane. Iri na farko: ta ci ko ba ta ci ba? Wannan sai shaida. Iri na biyu: abin da ta yi, mene ne sunansa, sata ko kiwo? Iri na uku: abin nan mummuna ne ƙwarai, ko ɗan kaɗan, ko ma ba laifi ba ne tunda shingen ne ya faɗi? Iri na huɗu: to me za a yi, a yanka ta, a ɗaure ta, ko a gyara shinge? Wanda duk ya yi tsalle zuwa wuƙa bai tabbatar an ci kabeji ba, sai ya miƙo tafin hannu.

Na biyun ya fi zafi. Ba ka da izinin mayar wa abokin musunka martani sai ka fara faɗin maganarsa da bakinka, ka gyara ta, ka yi mata ado, ka toshe duk ramukanta, har shi da kansa ya ce ko shi bai iya faɗarta haka ba. Sannan, sannan kawai, za ka ce "amma". Haka manyan mutanen da can suke yi, in ji shi. Wanda ya kayar da gurguwar magana bai kayar da komai ba. Yaron da ya ce "amma" da wuri, ranar ba ya iya riƙe cokali.

Matarsa Mattea, 'yar gidan masu ulu ce, mace mai saurin hannu da saurin baki. Ta aure shi ne tana ganin ta sami mutum mai natsuwa. Ba ta san natsuwar za ta kai haka ba.

"Malam, rufin nan yana yoyo."

"Wane iri kike nufi, Mattea? In kina cewa ruwa yana shigowa ne, wannan iri na farko ne, sai mu duba. In kuma kina cewa ya kamata a gyara..."

"Ina cewa ruwa yana ɗiga a cikin miyarka."

"To an tabbatar da na farko. Sai dai ko sunansa yoyo ko feshi, don in iska ce ke turo shi ta gefe..."

"Allah ya ba ni haƙuri. Ɗaga ƙafarka in sa tukunya."

Haka aka yi ta sa tukwane shekara da shekaru. Amma kada a ce irinsa huɗun nan ba su taɓa tsinana komai ba. Shekarar da ruwan rijiyar dandali ya ɓaci, yara suka yi ta gudawa, gari ya tashi a kan wata tsohuwa mai sayar da ganyayen magani, wai ita ta zuba wani abu. An riga an fito da tarkacenta titi, an kai ga gardamar ko a kore ta ko a yi abin da ya fi kora. Zanobi ya ratso taron da baƙar rigarsa yana tari, ya ce, "Jama'a, kun kai iri na huɗu. Wa ya gama na farko? Wa ya gan ta?" Aka yi masa ihu. Ya tsaya. Ya yi ta maimaita tambayar kamar mai ciwon kai, har wani ya gaji ya ce a zura mutum a rijiyar a huta da bakinsa. Aka zura. Aka fito da mushen kyanwa. Kowa ya sulale gida, ba wanda ya ce masa sannu, tsohuwar ma ba ta ce ba.

A shekarar ne kuma ya kai wa majalisa wata shawara da suka karɓa hannu biyu. Da can in aka zauna, tsofaffi sukan yi ta zuba har duhu. Ya ce musu mutanen da can ba sa barin haka, da tulu mai huji suke auna wa mai magana lokacinsa, ruwa ya ƙare, baki ya rufe. Aka sayo kwalbar yashi mai siririn ƙugu daga Firenze, aka kafa doka: kowa juyi ɗaya, ba ƙari, ko waye shi. Ya yi ta alfahari da wannan doka, yana cewa Borgorena ta matsa kusa da Rum.

Wanda ya tayar da ƙura ba baƙo ba ne. Bindo ne, ƙanin Mattea, dillalin ulu, ƙaton mutum mai dariya da ciki, wanda ya yi 'yan shekaru a makarantar Zanobi yana shan sanda kafin ya tsere. Yanzu yana cikin majalisa. Ya zo gidan wata rana da azahar, ya zauna ba a ce ya zauna ba, ya jawo kwanon wake da man zaitun gabansa.

"Mijin Yaya, gara ka ji daga bakina. Bana zan nemi majalisa ta ba malamin lissafi ɗakin nan naka. Garin ba zai iya riƙe malami biyu ba."

Mattea ta fisge kwanon. "Ka ci waken gidana ka zo mini da wannan? Tashi!"

"Yaya, bari mana. Ɗana ya shekara nawa wurinsa? Tambaye shi dalilin da wani birni ya rushe tun kafin haihuwar Almasihu, sai ya cika miki kunne. Na kai shi Firenze, aka ce ya juya ma'auninmu zuwa nasu, ya tsaya yana kallona kamar tunkiya. Na ji kunya, na rantse da Allah."

Zanobi ya ajiye cokali. Ɗakin nan shi ne duk abin da ya rage masa na Firenze, shi ne dalilin da ake ce masa Malam ba ɗan majemi ba. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Bindo, ka haɗa iri biyu a numfashi ɗaya."

"Ka ji ko, Yaya? Ana ƙwace masa ɗaki yana ƙirga iri. Mijin Yaya, tafin hannuna har yau yana tuna ka, amma wannan karon ba sanda a majalisa."

Da ya fita, Mattea ta tsaya a kan mijinta, hannu a ƙugu. Ta ce ta san 'yan majalisar nan ɗaya bayan ɗaya, ta san matansu. Yawancinsu ba sa son canji, kuma suna jin nauyin korar tsoho. Abin da kawai ake bukata, ya tashi ya ce, "Ku tuna da kyanwar rijiya," ya zauna.

"Kyanwar tana cikin jawabina," in ji shi. "Tana can wajen ƙarshe, inda za ta fi nauyi."

"Sa ta a farko."

"Ba a gina jawabi haka, Mattea. Sai an ba abokin gaba haƙƙinsa tukuna."

"Abokin gaban ƙanina ne, na san shi tun yana fitsarin kwance. Ba shi da wani haƙƙi. Zanobi, don girman Allah, sau ɗaya a rayuwarka, fara da abin da kake so."

Ya ce zai duba. Ya yi makonni yana zagaya tsakar gida yana magana da itacen ɓaure, yana ɗaga hannu, yana sauke murya, yana ɗaga ta. Ɓauren ya ji jawabin duka, farko da ƙarshe. Abin da bai yi ba shi ne ya aro kwalbar yashi ya gwada.

Ranar zaman, zauren majalisa ya cika, mu 'yan kallo muka toshe ƙofa, Mattea a gaba-gaba da mayafinta. Shugaban majalisa, wani tsoho kurma-kurma mai suna Naddo, ya juya kwalba, ya nuna Bindo.

Bindo a kasuwa zaki ne, amma da ya ga idanu sai gumi ya karyo masa. Ya ce yara ba su iya komai ba. Ya ce kuma ɗakin yana da iska mai kyau. Ya ce Latinanci ai harshen matattu ne, ban da na coci, Allah ya yafe masa. Ya ce shi ba shi da komai da mijin yayarsa, mutumin kirki ne, sai dai sanda. Ya shiga labarin wata tunkiyarsa da ta karye, ya rasa hanyar fita. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ya zauna tun yashi bai kai rabi ba, yana share wuya. 'Yan majalisa suka yi ta kallon juna suna murmushi, wasu har sun fara laluben farin wake a aljihu, don maganar Bindo ce a gaba, fari shi ne a bar Malam da ɗakinsa. Mattea ta saki ajiyar zuciya. An gama, ko bai ce uffan ba.

Zanobi kuwa yana zaune kamar an watsa masa ruwan zafi. Ba murna yake ba. Wannan da ya tashi ya yi kwaɗon magana a gaban gari, ɗalibinsa ne. Daga ɗakinsa ya fito. Iri huɗu a cakuɗe, ba kai ba gindi, ga tunkiya a tsakiya. In ya kayar da wannan, me ya kayar? Za a ce Malam Zanobi ya ci nasara a kan mai gumi. Kuma abin da ya fi ci masa rai, ya san akwai magana ta gaske a ƙarƙashin shirmen nan, yana ganinta kamar yadda majemi ke ganin fata mai kyau a ƙarƙashin gashi da datti. Hannunsa har ƙaiƙayi yake.

Naddo ya juya kwalba. Zanobi ya miƙe, ya gyara baƙar rigarsa.

"Dattawan Borgorena, ƙanina Bindo bai faɗi maganarsa ba. Ku ba ni dama in faɗa masa ita."

Daga bakin ƙofa aka ji Mattea ta ce, "Wayyo ni."

Ya fara da iri na farko. Shin gaskiya ne yaran garin nan suna fita daga hannunsa ba su iya auna kaya ba? Gaskiya ne, in ji shi, kuma ya fi kowa sani. Ya kawo ɗan wane da aka mayar daga Pisa, da ɗan wane da har yau ubansa ba ya barinsa shi kaɗai a shago. Ubannin suna zaune a wurin, suka sunkuyar da kai. Ya shiga iri na biyu. Makarantar da gari ke ɗauke da ita, amma ba ta koyar da aikin da gari ke ci da shi, mene ne sunanta? Kada a ji tsoron kalmar, sunanta ado. Ya shiga na uku. Ado laifi ne? A Firenze ba laifi ba ne, don su sun ƙoshi. Amma ƙaramin gari da ke rataye a bayan tunkiya, wanda in sanyi ya yi tsanani shekara ɗaya sai an binne yara, ya sa ado gaba da burodi? Ya kwatanta uwa tana jiran ɗanta ya dawo daga fatauci, ya dawo hannu wofi da baitin waƙar Rumawa a baki.

Ba mu taɓa jin magana irin wannan ba. Tarin ma ya ɗauke. Muryarsa tana hawa tana sauka, kowace jimla tana zama daram a kan 'yar'uwarta kamar ginin dutse. Zauren ya yi tsit. Wani dattijo yana share ido. Bindo ya saki baki yana gyaɗa kai. Shi kuwa Zanobi, abin da ya jira tun yana shagon kwafa ne ya same shi: gari guda yana sauraronsa, ba mai motsi, kamar yadda ya karanta ana yi wa manyan da. Daɗin ya ɗebe shi. Mattea ta yi tari. Ta sake yin tari. Ta nuna kwalba da haɓa, ta nuna da hannu, har ta cire takalmi ta buga a ƙofa. Ya gan ta, ya ɗaga mata yatsa alamar saura kaɗan.

Ya kammala iri na huɗu, ya ce duk mai hankali da ya ji waɗannan zai ce a kawo malamin lissafi tun gobe. Ya juya ga Bindo. "Haka kake nufi?"

"Mijin Yaya, ko a mafarki ban iya faɗarta haka ba!"

Zanobi ya yi murmushi, ya ja dogon numfashi, ya ɗaga hannun dama. "Amma..."

Ƙwanƙwas! Naddo ya buga sanda a tebur. "Yashi ya ƙare."

"Ranka ya daɗe, yanzu zan fara nawa."

"Me ya ce?"

Aka yi wa Naddo ihu a kunne, "Wai yanzu zai fara!"

"To da na wa yake yi? Juyi ɗaya, ba ƙari, ko waye shi. Ba kai ka kawo mana dokar ba, Malam? Ka ce haka ake yi a Rum."

Zanobi ya buɗe baki. Yana iya roƙo, kuma da ya roƙa wataƙila da an ji tausayinsa. Amma doka ce mai kyau, ya san mai kyau ce, shi ya kare ta da hujjoji a wannan zauren. Ya tsaya da hannu a sama har sai da wani ya ja masa riga ya zauna. Aka zagaya da akwati. Da aka juye a tebur, baƙi ne tuli kamar kashin awaki, farare 'yan tsiraru a gefe kamar sun ɓata hanya.

Bindo da kansa ya zo taya shi sauko da akwatin littattafai daga saman kasuwar hatsi. Yana nishi a kan matakala yana cewa, "Na rantse maka, mijin Yaya, da na zauna na riga na haƙura. Har na ce a raina Yaya ta huta. Sai da ka yi magana na san ashe ina da gaskiya."

"Rabi ka ji, Bindo. Rabi! Tsaya in faɗa maka sauran."

"Bari mu sauke kayan nan tukuna, bayana zai karye."

Da aka sauke, Bindo ya tuna ana jiransa a wurin rini.

Daga ranar Malam Zanobi ya zama mutum mai yawo da rabin jawabi a ciki, kamar mai ƙaya a maƙogwaro. Ya kai wa wanzami, wanzami ya ce kada ya motsa haɓa. Ya kai wa mai gashin burodi, ya ce tanda na jira. Ya tare Naddo a ƙofar coci, Naddo ya ce, "Me ya ce?" ya wuce. Matasa suka mayar da abin wasa, in sun hango shi sai ɗaya ya ɗaga hannun dama ya ce "Amma!" sauran su ce "Yashi ya ƙare!" A kasuwa ana cewa duk mai shari'a ya lallaɓa ya sa Malam Wane-Iri ya tsaya wa abokin shari'arsa. 'Yan yara biyu-uku na gidajen da har yanzu ke son ɗansu ya zama fada ko lauya suna zuwa masa a gida, suna karatu a tsakanin tukwane. Mattea kuwa ta yi makonni ba ta ce masa komai sai "ga abinci".

Wata rana da hantsi aka tsuge da ruwa, yaran ba su zo ba. Tana jera tukwane, yana zaune a kan akwatinsa yana kallon ɗigon. Ba ta dube shi ba ta ce, "To faɗi. Faɗi sauran, kafin ya kashe ka."

Ya miƙe a hankali. Ya gyara riga. Ya ɗaga hannun dama, a gaban mace ɗaya da tukwane.

Ya ce amma lissafi yana gaya maka nawa ne, ba ya gaya maka ko ya dace. Ya ce a kawo malamin lissafi, a raba ɗakin, safe nasa, yamma na wancan, don shi bai taɓa ƙin a auna ulu daidai ba. Ya ce garin da 'ya'yansa suka iya ma'auni amma ba su iya rarrabe "an ce" da "an gani" ba, ranar da rijiya ta ɓaci za su auna igiyar rataya daidai wa daida. Ya kawo tsohuwa mai ganye, da tarkacenta a titi, da kyanwa. Ya ce ba Rumawa yake so yaran su zama ba, so yake in taro ya yi ihu a sami mutum ɗaya a ciki da zai ce wa ya gani. Ya ce wannan ba ado ba ne, shi ne abin da ke hana gari cin kansa. Muryarsa ta karye a nan, tari ya dawo.

Mattea ta kalli tukunyar da ke gabanta. Idonta ya kawo ruwa, kuma hakan ya ƙara mata haushi.

"A raba ɗakin," in ji ta. "Kana da wannan a baki, ka tsaya kana yi wa Bindo kwalliya. Da ka faɗi wannan da ko shi farin wake zai saka." Ta share fuska da gefen mayafi. "To bari in yi maka irin naka. Ya faru, gari shaida ne. Sunansa kora. Ba shi da kyau ko kaɗan. Saura na huɗu, Malam. Ba majalisa a nan, ba yashi. Ga rufi, ga tsani."

Ya dube ta, ya dubi rufin. Da ruwa ya tsagaita ya tuɓe baƙar rigar, ya jingina tsani, ya hau. Daga can sama ana ganin kasuwar hatsi, taga a buɗe, ana jin yara suna rera ninkin lissafi da murya ɗaya, sabon malami yana buga musu tebur. Ya tsaya yana saurare fiye da yadda ya kamata. Sannan ya juya neman inda ya fashe, ya taka fale-falen yumɓun rufin a tsakiyarsu maimakon gefe, aka ji ƙaras, aka sake jin ƙaras.

"Zanobi!" Mattea ta ƙwala daga ciki. "Ya ƙaru!"

Ya leƙa ta sabon ramin, ya ga fuskarta a ƙasa tana kallonsa. Bakinsa ya buɗe da kansa, tambayar ta zo har kan harshe. Ya haɗiye ta.

"Miƙo wata tukunyar," in ji shi. "A'a, ba nan sama ba. Sa ta dai a ƙasa."